Ladan Kuturu

Masu iya magana sun ce, kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wannan magana ba ta da wuyar ganewa in an yi ciniki a fili, wanzami ya karɓi lada, kuturu ya miƙa kai. Wuyar tana zuwa ne sa'ad da ba a yi ciniki ba. Ga mutum ya ba mai riƙe da amanar jama'a dukiya, bai ce masa yi mini kaza ba, shi kuwa wanda ya karɓa bai ɗauki alkawarin kome ba, har yana iya rantsewa zuciyarsa ɗaya. Shin wannan kyauta ce, ko kuwa lada ne wanda askinsa ke tafe? Akwai wani shaihun malamin shari'a a Amurka, sunansa Lawrence Lessig, wanda ya yi shekaru yana bin wannan tambaya, har ta juyo ta kama shi shi kansa.

An haifi Lessig a shekarar 1961. Ya yi karatu a Jami'ar Pensilbaniya, ya ƙetare zuwa Kambirij ta Ingila ya karanta falsafa, sa'an nan ya komo gida ya gama ilmin shari'a a Jami'ar Yale a 1989. Ya yi aiki a hannun manyan alƙalai biyu, na biyunsu shi ne Antonin Scalia na Kotun Ƙoli, watau kotun da ba a ɗaukaka ƙara daga gare ta, mai alƙalai tara. Daga 1991 ya shiga koyarwa, ya fara a Shikago, ya tafi Harvard, a 2000 kuma ya koma Stanford. Duk wannan lokaci ba ruwansa da sha'anin kuɗin zaɓe. Abin da ya shahara da shi shi ne dokar da ta shafi intanet, da haƙƙin mai wallafa littafi ko waƙa ko silima.

Ga yadda wannan haƙƙi ya ke. In mutum ya wallafa abu, doka ta kan hana kowa bugawa ba da izninsa ba, har wani adadi na shekaru. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa, kamar rijiyar gari. To, a 1998 Majalisar Amurka ta ƙara shekara 20 a kan wa'adin, ya zama tsawon ran mawallafi da shekara 70 bayan rasuwarsa, har da ayyukan waɗanda suka daɗe a kabari. Manyan kamfanoni masu riƙe da tsofaffin ayyuka, irin su Disney, suna cikin waɗanda suka matsa a yi haka. Lessig ya ce dalilin ba da haƙƙin nan tun asali shi ne a ƙarfafa wa mutane gwiwa su wallafa sabon abu, matacce kuwa ba ya sake wallafa kome. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli. Masana tattalin arziki 17, biyar daga cikinsu masu lambar Nobel, suka rubuto suna goyon bayan hujjarsa. Duk da haka a 2003 aka kayar da shi, alƙalai bakwai ga biyu, har da tsohon maigidansa Scalia cikin bakwai ɗin.

Bayan wannan kaye ya yi ta tunani, ba a kan kotu kaɗai ba, har a kan Majalisar da ta yi dokar. Me ya sa wakilai masu hankali su ke yin abin da hujja ba ta goyi bayansa ba? Da ya bi sawu sai ya tarar sawun ya nufi wurin masu ba da kuɗin zaɓe. A 2007 ya ba da sanarwa zai ajiye fannin da ya yi suna a cikinsa, ya koma binciken wannan cuta. A 2009 ya komo Harvard, aka ba shi shugabancin wata cibiya ta nazarin ɗa'a, a 2011 kuma ya fitar da littafinsa mai suna Republic, Lost, ma'ana jamhuriyar da ta salwanta.

Ya kamata mai karatu ya san yadda zaɓe ya ke a can. Majalisar Wakilai tana da kujera 435, kowace kuwa a kan sake zaɓenta shekara biyu biyu. Majalisar Dattawa tana da 100, su shekara shida su ke yi. Mai neman kujera dole ya sayi fili a rediyo da talabijin da intanet, ya biya ma'aikata, ya yi tafiye-tafiye. An ƙiyasta zaɓen tarayya na 2020 ya ci wajen dala biliyan 14, biliyan ɗaya kuwa miliyan dubu ce. Saboda haka ran da wakili ya hau kujera, ran nan ya ke fara neman kuɗin zaɓe na gaba. A 2013 wata takarda ta fito fili wadda ɗaya daga cikin manyan jam'iyyun biyu ta nuna wa sababbin wakilanta, tana ba su shawara su riƙa yin awa huɗu kowace rana suna buga waya neman gudummawa. Wanda zai roƙi dala dubu kuwa, ai ya san ba ƙofar lebura zai buga ba.

Kotun Ƙoli tana da nata ra'ayi game da wannan. Tun 1976 ta yanke cewa kashe kuɗi domin yaɗa ra'ayin siyasa yana cikin 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2010, cikin shari'ar da a ke kira Citizens United, alƙalai biyar ga huɗu suka ce ba a sa wa kamfani ko ƙungiyar ma'aikata iyaka a kan abin da za su kashe don goyon bayan ɗan takara, muddin ba a hannunsa suka zuba ba, ba kuma da shirinsa suka kashe ba. A ganinsu, cin hanci shi ne ba ni gishiri in ba ka manda, watau a ba da kuɗi a kan wani aiki sananne. Samun shiga wurin wakili, ko samun farin jini a gunsa, ba su lissafa shi cikin cin hanci ba. Daga nan aka sami manyan asusu na yaƙin zaɓe waɗanda attajiri ke iya zuba musu ko nawa ya ga dama.

Kada a yi gaggawar zargin alƙalan nan, domin maganarsu tana da tushe. Murya ba ta isa ga jama'a miliyan ɗari uku sai da kuɗi. In aka ba masu mulki ikon ƙayyade abin da mutum zai kashe wajen sukarsu, wa zai hana su ƙayyade shi daidai yadda sabon shiga ba zai taɓa ture na kan kujera ba? Ban da haka, shari'a da shaida ta ke aiki, ba ta shiga zuciya ta auna kunya ko godiya.

Lessig bai ce wakilai ɓarayi ne ba. Ya ce galibinsu mutanen kirki ne, cin hanci na hannu da hannu kuma kaɗan ne a cikinsu. Cutar da ya gano ita ce dogaro. Waɗanda suka kafa ƙasar, kamar James Madison a 1788, sun nufi Majalisar Wakilai ta jingina ga jama'a, kada ta jingina ga wani dabam. Yanzu kuwa ta sami majingina ta biyu. A wata lacca da ya yi a 2013 ya buga misali da wata ƙasa ta almara mai mutum miliyan 311, cikinsu 144,000 sunansu Lester. A ƙasar nan zaɓe biyu a ke yi. Na farko masu suna Lester kaɗai ke yinsa, wanda ya gamshe su shi ne zai tsaya a na biyu, inda kowa ke jefa ƙuri'a. Ya ce adadin masu ba da kuɗi mai kauri a Amurka bai wuce kamar na Lester ɗin nan ba. Talaka yana da ƙuri'arsa, ba wanda ya ƙwace masa, sai dai tuwon da aka riga aka tuƙa a ke ajiye masa ya zaɓa. Wakili kuma, ba tare da an ce masa uffan ba, ya kan koyi maganar da ke ɓata wa masu ba shi rai, ya riƙa kauce mata, har ya manta kaucewa ya ke yi. In baki ya ci, ido ya kan ji kunya, kunyar nan kuwa ba ta bukatar a rubuta yarjejeniya.

Maganin da ya kawo shi ne a sake wanda ke ciyar da wakili. A ba kowane mai zaɓe takardar dala 50 daga cikin harajinsa, ya miƙa wa ɗan takarar da ya ke so, shi kuma ɗan takarar da ya yarda ya shiga tsarin kada ya karɓi fiye da dala 100 daga hannun mutum guda. Ta haka mai neman kuɗi zai koma bin gida gida.

Amma wa zai yi wannan doka? Wakilan da tsohon tsari ya ɗora. Nan ne malam ya fito daga aji. Cikin Janairu 2014, a tsakiyar hunturu, ya jagoranci tafiyar ƙasa ta mil 185 a jihar New Hampshire don jawo hankalin jama'a. Ran 1 ga Mayu na shekarar ya buɗe asusu mai suna Mayday, irin manyan asusun nan da ya ke suka, ya ce da shi za a kashe sauran. Dubban talakawa suka ba da ɗan abin da su ke iyawa, waɗansu attajirai kuma suka zuba mai yawa, aka tara fiye da dala miliyan 10. Aka goyi bayan 'yan takara takwas, biyu kaɗai suka ci, su ma ana ganin da ma za su ci. A 2015 ya tara dala miliyan ɗaya ya fito neman shugabancin ƙasa, da alkawarin in ya sa an yi dokar gyaran zaɓe zai sauka. Ba a sa shi cikin mahawarar 'yan takara ba, ya janye cikin Nuwamba.

Mutane suka rabu biyu a kansa. Waɗansu suka ce mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi: wanda ya koya wa duniya cewa kuɗin attajiri na ɗaure mai karɓa, ga shi ya miƙa tasa ƙwarya. Waɗansu suka ce da ruwan ciki a ke jan na rijiya, wanda ya shiga fagen da kowa ke da doki, ya ce shi a ƙasa zai yi sukuwa, bai nufi cin tsere ba.

In an auna, za a ga akwai bambanci na gaske tsakaninsa da waɗanda ya ke suka. Ya faɗi abin da zai yi da kuɗin tun kafin a ba shi, abin da ya nufa kuwa rage ƙarfin masu bayarwa ne, su ma sun sani. Wannan ya kuɓutar da shi daga sunan munafunci. Amma bai fitar da shi daga hukuncin da shi kansa ya kafa ba. Ai shi ya ce kyakkyawar niyya ba ta hana dogaro yin aikinsa. Gyaran da ya tsaya da ƙafar attajirai, ran da suka janye sai ya zauna, kuma mai gyaran, da saninsa ko ba da saninsa ba, zai riƙa lura da abin da zai sa su janye. Ba shi da ikon ya ce kowa na jin kunyar mai ciyar da shi ban da shi. Abin lura kuma, faɗuwarsa ta ƙara wa koyarwarsa ƙarfi. In har mutumin da ya fi kowa sanin tarkon bai sami hanyar zuwa kwance shi ba sai ta cikinsa, to, lalle tarkon ya kai yadda ya faɗa.

Saboda haka amsar tambayar farko ita ce, ba a gane lada da abin da aka faɗa ran bayarwa. Ana gane shi da halin da mai karɓa zai shiga in an daina. Kyautar da mutum zai iya rasawa ya ci gaba da aikinsa yadda ya ke, wannan kyauta ce. Wadda in ta yanke kujerarsa za ta girgiza, ta zama lada, ko mai bayarwa waliyyi ne, ko mai karɓa bai taɓa cin ƙwandalar haram ba. Shi ya sa neman mutanen kirki kaɗai ba ya isa. Na kirki ma cin abinci ya ke yi, sai a duba hannun da ke miƙa masa.

Aikin malamin bai tafi a banza ba, ko da ya ke bai kai inda ya nufa ba. A 2015 mutanen birnin Siyatil suka zaɓi tsari mai kama da nasa, aka fara aiki da shi a 2017, ana aika wa mai zaɓe takarda huɗu, kowace ta dala 25, ya ba wanda ya ga dama cikin masu neman kujerun birni. A 2024 mutanen jihar Maine, wajen kashi uku cikin huɗu, suka yarda da dokar da ya taimaka aka tsara, wadda ta sa iyakar dala 5,000 ga abin da mutum zai zuba cikin manyan asusun nan. A 2025 wata kotun tarayya ta hana aiki da ita, aka ɗaukaka ƙara.

Wannan awo bai tsaya ga wakilan Amurka ba. Duk wanda aka danƙa wa amanar mutane, alƙali ne ko malami ko mai rabon kayan jama'a, yana iya gwada kansa da shi ba tare da kowa ya ji ba. Ya tuna mutumin da ya fi yi masa alheri, ya ƙaddara gobe da safe ga shi ya zo da bukata wadda ba ta kan gaskiya, ga kuma wani talaka da bai taɓa ba shi ko goro ba yana tsaye da tasa gaskiyar. In ya ji a ransa zai iya duban mai alherin nan ya ce masa a'a, to, abin da ya karɓa kyauta ce. In kuwa ya ji harshensa ya yi nauyi tun kafin gari ya waye, ya sani ya riga ya ci lada, aski kawai ya rage.