MAGANIN CIWON SUKARI DA MAGANAR AJALI

 Wata magana ta yawaita a bakin jama'a, cewa wai an gano ƙwayar maganin ciwon sukari mai ƙara tsawon rai. Mutane kuwa sun kasu biyu a kanta. Waɗansu sun ce wannan saɓo ne, tun da ajali ba ya gaba ba ya baya, har ma sun fara sakaci da nasu maganin. Waɗansu kuma, alhali lafiyarsu ƙalau, sun shiga neman ƙwayar don su daɗe a duniya. Dukansu biyu sun kauce hanya.

Ƙwayar da ake magana a kanta sunanta metformin. Wani likitan Faransa, Jean Sterne, shi ne ya fito da amfaninta ga masu ciwon sukari a 1957. Aikinta shi ne ta rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini, ta kuma taimaki jiki ya karɓi sinadarin insulin yadda ya kamata. A 1998 wani babban bincike a Birtaniya ya nuna cewa masu ciwon sukari masu ƙiba da aka ɗora a kanta, mutuwa ta ragu a cikinsu da kimanin kashi ɗaya cikin uku, in an gwada da waɗanda aka bari da kiyaye abinci kaɗai. A 2014 kuma masana a Jami'ar Kadif suka duba bayanan majinyata fiye da 78,000, suka ga kamar masu shan ta sun ɗan fi waɗanda ba su da ciwon daɗewa. Daga nan jita-jita ta tashi. Amma wani binciken da aka yi a Danmak a 2022 bai ga wannan fifiko ba. Abin da ya tabbata dai shi ne tana amfanin mai ciwon.

To, ina matsayin addini? Alƙur'ani mai girma ya tabbatar cewa kowane rai yana da lokacinsa wanda ba a jinkirta shi, ba a kuma gaggauta shi. Duk da haka Buhari da Muslim sun ruwaito cewa sada zumunci yana jawo yalwar arziki da tsawon kwana. Malamai, kamar Ibn Hajar a sharhinsa na Buhari, sun daidaita waɗannan biyu ta hanya biyu. Ta farko, ƙarin yana nufin albarka a cikin kwanakin. Ta biyu, abin da ke hannun mala'iku yana iya zama rataye da sharaɗi, amma abin da ke cikin sanin Allah ba ya sakewa, domin tun azal Ya san wanda zai riƙi sababi da wanda zai bar shi. Watau magani ba ya ture ƙaddara, shi kansa yana cikinta.

Sayyidina Umar ya nuna haka a aikace. Sa'ad da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke a can, sai ya shawarci sahabbai ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, shi kuwa ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce. Haka kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure dabbarsa tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah, ya kuma kwaɗaitar da neman magani, ya bayyana cewa tsufa ne kaɗai ba shi da shi.

Tarihin wannan ciwo ma akwai wa'azi a cikinsa. Kafin a gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaron da ciwon sukari mai tsanani ya kama ba ya daɗewa. A Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko yana gab da mutuwa. Ya farfaɗo, ya ƙara shekara 13 a duniya, sa'an nan ciwon huhu ya zama ajalinsa a 1935. Sababi ya yi aikinsa da izinin Allah, wa'adi kuma da ya cika ya shigo ta wata ƙofa.

Saboda haka wanda likita ya ɗora a kan magani, lalle ya riƙe shi, domin jiki amana ne. Sukarin da aka yi wa sakaci yana kai wa ga makanta, da lalacewar ƙoda, da shanyewar ɓarin jiki, da gyambon da ke sa a yanke ƙafa, ga iyali kuma a bar su cikin wahala. Kada ya ajiye ƙwaya don wani ya yi masa alkawarin warkewa da jiƙo. In azumi ya gabato ya nemi shawarar likita tun da wuri, domin shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. Mai lafiya kuwa kada ya sha abin da ba a rubuta masa ba, gama metformin tana iya kawo gudawa da tashin zuciya, tana kuma da haɗari ga mai raunin ƙoda. In tsawon kwana yake so, ga zumunci nan, ga rage ciki, ga motsa jiki. Mafi alherin mutane dai shi ne wanda ya daɗe aikinsa kuma ya yi kyau.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya sa albarka a cikin kwanakin bayinSa, amin.