Tun Yaushe Abin Ya Fara?

Karatu: Markus 9:14-29

Ɗan'uwa cikin Almasihu, dubi uban nan da ya kawo ɗansa gaban Yesu. Bai kulle shi a ɗaki don gudun bakin mutane ba, bai kuma ɗaure shi da igiya ba. Kafin Ubangiji ya warkar da yaron, sai da ya tambayi uban tun yaushe abin ya fara. Mai lura da ɗansa ne kaɗai zai iya amsawa.

Kai fa? 'Yarka ta daina cin abinci, ta guji ƙawayenta, barci ya ƙaurace mata. Ɗanka yana magana shi kaɗai, ko ya faɗa shan ƙwaya. Tun yaushe? Ba kowace damuwa ce aikin aljani ba, bulala kuma ba ta warkar da ciwon ƙwaƙwalwa.

Yi addu'a, yi azumi, kira dattawan ikkilisiya su ɗora masa hannu. Sa'an nan ka kai shi asibiti. Daga Janfalan, fara da babban asibitin Ikara ko na Makarfi. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Shika, Zariya, da asibitin Barnawa a Kaduna. Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne: Luka, marubucin Bishara, likita ne. In yaro ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Addu'a: Ya Uba, buɗe idona in ga nauyin da 'ya'yana ke ɗauke da shi. Kawar mini da kunya, ka warkar da su, cikin sunan Yesu. Amin.