Ganyen da Ya Raba Kan Malamai

Duk unguwar da ke da kangon gini ko filin makarantar da ba a katange ba tana da majalisar 'yan wiwi, kuma kusan kowace majalisa tana da nata malamin. Shi ne wanda in an yi masa wa'azi zai zuƙa ya fesar, sannan ya ce a nuna masa ayar da ta ambaci wiwi. Giya dai an ambace ta, caca ma haka. Wannan kuwa ganye ne, Allah ne ya tsirar da shi kamar yadda ya tsirar da zogale, kuma ba a taɓa ganin wanda ya sha ya faɗa kwata ba. Yana sallarsa, yana jan adaidaita sahunsa, yana kai balas. To ina mayen?

Yawancin mutane tsaki suke yi su wuce. Amma tambayar ta girmi kakan mai yin ta, kuma manyan malaman fiƙihu sun ɗauke ta da muhimmanci.

Limaman mazhabobi huɗu ba su bar hukunci a kan hashish, wato wiwi, ba, domin bai yaɗu a zamaninsu ba. Sai a ƙarni na 13 na miladiyya ya cika Masar da Sham. Masanin tarihi Al-Maƙrizi ya kawo labarin da ake bayarwa cewa wani shehin sufaye a Khurasan, Shehu Haidar, wanda ya rasu wajen 1221, ya fita da tsakar rana ya ga wani tsiro yana rangaji alhali babu iska, ya tsinka ya ci, ya dawo wurin almajiransa yana fara'a. Ko ma dai yaya aka fara, abin ya kai ga Sarkin Musulmin Masar, Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya hana shi da ƙarfin gwamnati. Daga baya Az-Zarkashi ya rubuta littafi sukutum a kan haramcinsa.

Inda aka sha muhawara shi ne wane irin abu ne shi. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, bai ga wani bambanci tsakaninsa da giya ba: abin sa maye ne, najasa ne, kaɗan ɗinsa da mai yawansa haramun ne, kuma mai shansa haddi ya hau kansa. Amma Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar da ya rasu a 1285, ya bi wata hanya a littafinsa Al-Furuƙ. Ya raba abubuwan da ke taɓa hankali gida uku. Akwai mai gusar da hankali tare da nishaɗi da jin ƙarfi, shi ne giya. Akwai mai ruɗa hankali ba tare da wannan nishaɗin ba. Akwai kuma mai ɗauke hankali da ji da gani gaba ɗaya, irin maganin da ake ba wanda za a yi wa fiɗa. Ya sa hashish a gida na biyu, kuma hujjarsa abin da ya gani ne da ido: mashaya giya suna hayaniya, suna tada rigima, suna zare makami, amma masu hashish shiru suke yi, su lanƙwashe, wani ma har ya yi kuka.

Wannan rabe-raben yana da sakamako a aikace. A ra'ayin Al-Ƙarafi, saurayin da ya shiga sahu da ƙullin wiwi a aljihu sallarsa ba ta ɓaci don najasa ba, kuma alƙali ladabtar da shi zai yi gwargwadon abin da ya gani, ba bulala 80 ba. A ra'ayin Ibn Taimiyya kuwa, da najasa ya yi salla. Malamin majalisa zai so ya tsaya nan ya ce ga shi malamai sun yi saɓani. Sai dai saɓanin bai kai inda yake so ba, domin dukkansu sun haɗu a kan cewa gwargwadon da ke taɓa hankali haramun ne, kuma babu wanda ke naɗa wiwi don kada ta taɓa shi.

Maganar da ta fi kama zuciya a wannan muhawara ta fito ne daga cikin gidan Malikiyya. Shehu Khalil, mai Muhtasar ɗin da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, ya ruwaito cewa malaminsa Abdullahi Al-Manufi ya saɓa wa Al-Ƙarafi. Dalilinsa shi ne ya ga masu shan hashish suna sayar da dukiyarsu don su same shi, kuma mutum ba ya yin haka sai don abin da yake jin daɗinsa matuƙa. Al-Ƙarafi ya dubi mashayi a cikin sa'a guda bayan ya sha. Al-Manufi ya dube shi a cikin shekara. Kuma a nan ne, in za a yi adalci, Al-Manufi ya fi hango inda cutar take, ƙarni shida kafin likitoci su ba ta suna.

Abin da likitoci suka gano ya fi goyon bayansa. A 1964 Raphael Mechoulam da abokin aikinsa suka tantance sinadarin THC, wanda shi ne ke aiki a ƙwaƙwalwa. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka sha wiwi kan kamu har su kasa bari, kuma ga wanda ya fara tun yana ɗan makaranta abin kan kai 1 cikin 6. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna ba sai wajen shekara 25, musamman sashen gaba da ke auna abu kafin a aikata. Wani bincike da aka wallafa a 1987, wanda ya bi samarin Suwidin fiye da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, ya nuna waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka sauran kusan sau 6 wajen kamuwa da taɓin hankali mai tsanani. Wani na 2019 a biranen Turai da Burazil ya samu cewa shan kullum yana ninka haɗarin sau 3, in kuma mai ƙarfi ce kusan sau 5. Ba kowane mashayi ke haukacewa ba, kuma shi ya sa malamin majalisa ke da wanda zai nuna, wani dattijo da ya shekara 40 yana sha yana nan garau. Ba ya dai lissafa waɗanda aka kai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware.

Ganyen ma ya canza. A Amurka, ƙarfin THC a wiwin da hukuma ke kamawa ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan 12 a 2014. A Najeriya, ban da wadda ake nomawa a dazuzzukan Ondo da Edo, kasuwa ta cika da Loud da Arizona da Colorado, wadda galibi sinadarin haɗi ne aka fesa wa busasshen ganye. Da Al-Ƙarafi zai ga wanda Colorado ta kayar yana birgima a titi, da wuya ya ce abin da ya gani ke nan a Alƙahira.

Binciken ƙasa na 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a shekarar da ta gabace shi. Tsananin doka bai hana ba: dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ga mai nomawa da shekara 10 ga mai sha, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA kuma tana ƙone gonaki tun bayan kafa ta a 1989.

Akwai wata tambaya da ta fi ta najasa nauyi, wadda iyaye ne ke fama da ita. Al-Gazali ya lissafa hankali cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don karewa, kuma a kan hankali aka ɗora hukunci: wanda ya rasa shi an ɗauke masa alƙalami. To yaron da ya ɗauki shekara biyar yana sha har ya fara magana shi kaɗai, yana zargin uwarsa da sa masa guba a tuwo, mai laifi ne ko majinyaci? Shi ya kunna da hannunsa ranar farko, babu musu. Amma wanda ke gaban iyayen yau ba shi da irin zaɓin da wancan yake da shi. Gidaje da yawa sun amsa da cewa mai laifi ne, suka kai shi gidan mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, kuma da yawansu iyayensu ne suka kai su da kansu, suna biyan kuɗi, don a raba su da shaye-shaye. Waɗanda suka amsa da cewa majinyaci ne kuwa sun tarar da layi, domin likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar mai mutum fiye da miliyan 200 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.