Ibada a Bene, Kuka a Ƙasa: Abin da Na Koyo a Hanyar Cape Coast

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya hore teku, ya umarci bayinsa da su yi tafiya su duba. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwana Musulmi da ke zaune a ƙasashen mutane, nasihar da zan yi yau kaina ta fara kamawa kafin ta iso gare ku. Na rubuta ta ne bayan wata tafiya da na yi da iyalina a lokacin hutun makaranta, daga Accra zuwa Cape Coast da Elmina, tafiyar da na ɗauka ta shan iska ce kawai, ashe Allah ya tanadar mini darasi a cikinta.

Mun tashi bayan sallar asuba, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu uku. Na karanta addu'ar hawa abin hawa, yara suna maimaitawa a bayana. Cunkoson motoci ya riƙe mu a Kasoa, garin da sunansa ya samo asali daga kalmarmu ta kasuwa, na kuma samu damar faɗa wa yara cewa kakanninsu sun daɗe da sanin wannan ƙasa ta hanyar fatauci. Daga nan muka miƙa yamma, muka wuce mararrabar Winneba da ta Apam, muka ratsa Mankessim. Daga Saltpond zuwa gaba teku ya riƙa leƙo mu ta hannun hagu, yana ɓuya bayan itatuwan kwakwa yana sake fitowa. A garuruwan masunta mun ga kwalekwale jere a kan rairayi, kowanne da fentinsa da rubutunsa, maza suna jan taru da waƙa, mata suna banda kifi, hayaƙi yana tashi.

Wanda ya tashi a cikin lungunan Nima, inda ido ba ya wuce katangar maƙwabci, idan ya tsaya gaban ruwan da ba a ganin ƙarshensa sai ya ji ƙanƙantarsa. Na tuna wa yara cewa a cikin Suratun Nahli Allah ya lissafa teku cikin ni'imominsa: nama ɗanye da ake ci daga cikinsa, ado da ake cirowa, da jiragen da ke keta shi domin neman falala. Duk abin da ayar ta ambata yana gabanmu, ba sai na yi dogon bayani ba. Gani ya kori ji.

Azahar ta riske mu kusa da Anomabo. Ɗana na tsakiya ya dubi jarkar ruwanmu da ta kusa ƙarewa, ya ce, "Baba, da wane ruwa za mu yi alwala?" Na nuna masa teku. Na gaya masa cewa an taɓa yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin wannan tambaya, daga wani mai shiga teku da ɗan guzurin ruwa, ya kuwa amsa cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Imamu Malik ya kawo hadisin a cikin Muwaɗɗa. Muka yi alwala da ruwan gishiri, muka fuskanci alƙibla, teku yana hannun damanmu. Tsakanin Accra da Cape Coast kimanin kilomita 150 ne, ya zarce mil 48 da malaman mazhabarmu ta Malikiyya suka iyakance wa ƙasaru, don haka muka sallaci azahar raka'a biyu, muka haɗa da la'asar raka'a biyu. Na ji daɗi a raina, ina ganin na sauke nauyin uba: na nuna wa 'ya'yana ikon Allah, na koya musu hukunci.

Washegari da hantsi muka shiga sansanin Cape Coast. Farin gini ne ƙato a kan duwatsu, igwoyi jere suna kallon ruwa. Mutanen Suwidin ne suka fara kafa shi a 1653, daga baya ya koma hannun Ingila, ya zama cibiyar cinikinsu a wannan gaɓa. Ɗan jagora ya gangara da mu kurkukun maza da ke ƙarƙashin ƙasa. Duhu ne da zafi, sai wasu 'yan ƙananan kafofi can sama. Ya ce a nan ake cusa ɗaruruwan mutane makonni ko watanni suna jiran jirgi, a nan suke ci, a nan suke biyan buƙata, a nan da yawa suke mutuwa. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 12 aka loda a jirage daga Afirka zuwa ƙetaren Atilantika, wannan gida kuwa ɗaya ne daga cikin ƙofofin da suka bi.

Da muka fito, sai jagoran ya nuna mana wani ɗaki da ke daidai saman kurkukun. Ya ce nan ne wurin ibadar masu sansanin. Suna taruwa su yi addu'a da waƙoƙin yabo, mutane kuwa suna ƙarƙashin ƙafafunsu cikin sarƙa. 'Yata babba, mai shekara goma sha uku, ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, to da suke addu'ar, ba sa jin kukan na ƙasa?"

Na buɗe baki zan ba ta amsa mai sauƙi, wato in ce ai su ba Musulmi ba ne. Abu biyu suka riƙe harshena.

Na farko shi ne tarihi. Turawa ba su cika shiga cikin ƙasa su kamo mutane da kansu ba, saye suke yi a bakin teku daga hannun 'yan Afirka. Cikin waɗanda aka gangaro da su akwai mutanen arewa, kuma har yau a Assin Manso, arewa da Cape Coast, akwai kogin da ake nuna wa baƙi a matsayin wurin wankan bayi na ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Kasuwar Salaga, wadda fatakenmu suka sani da goro, an sayar da mutane a cikinta, kuma cikin masu saye da sayarwa akwai masu alwala da carbi. Tun farkon ƙarni na 17 Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya rubuta fatawa yana tsawatarwa a kan bautar da 'yantattun Musulmi, ya ambaci Kano da Katsina cikin ƙasashen da bai halatta a mallaki mutanensu ba. Da ba a aikata abin ba, da malamin bai ɗauki alƙalami ba. Saboda haka kunnen da ibada ba ta buɗe shi ga kukan wanda aka zalunta ba, ana samunsa a kowace al'umma. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na biyu ya fi kusa, ya kuma fi zafi. Akwai yarinya da ke yi mana aiki a gida, 'yar arewacin Ghana, Musulma, wadda ba ta girmi 'yata da shekaru masu yawa ba. Mun bar ta tana gadin gida. Kwana uku kafin mu taso maiɗakina ta ce mini, "Malam, kuɗin yarinyar nan ya shiga wata na biyu." Na ce ta bari mu dawo, yanzu hidimar tafiya ta sha kaina. Man motar da ya kai mu Cape Coast, da kuɗin masauki, da soyayyen kifi da dokunun da muka ci a hanya, a ciki akwai guminta. Ban tsaya nan ba. Ɗakin da nake karatu da nafilfilin dare yana bene, ita kuwa tana kwana a ɗakin ajiya da ke ƙarƙashin matakala, wanda ba shi da taga. Shekara biyu ina hawa ta saman kanta zuwa ganawa da Ubangijina, ban taɓa tambayar kaina yadda take numfashi a lokacin zafi ba.

Ban ce jinkirin albashi daidai yake da abin da aka aikata a wancan kurkuku ba. Tazarar da ke tsakaninsu mai girma ce ƙwarai, kuma wanda ya daidaita su ya raina azabar waɗancan bayin Allah. Sai dai na tuna wani hadisi ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, inda Allah Maɗaukaki ya ambaci mutum uku da shi da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama: wanda ya yi alkawari da sunansa ya saɓa, da wanda ya sayar da ɗa mai 'yanci ya ci kuɗinsa, da wanda ya ɗauki ma'aikaci ya karɓi cikakken aiki bai biya shi ladansa ba. Na daɗe da sanin hadisin, na karantar da shi, amma sai a wannan rana na lura cewa mai sayar da mutum da mai riƙe ladan ma'aikaci a jere ɗaya aka kawo su. Na je kallon mutum na biyu a gidan tarihi, alhali ƙafata tana bakin ƙofar na uku.

Ya 'yan uwa, Allah ya faɗa a Suratul Ankabut cewa salla tana hana alfasha da abin ƙi. Idan muna salla amma zalunci yana zaune lafiya a gidajenmu, to mu binciki sallar. Suratul Ma'un, wadda yaranmu suka haddace tun suna ƙanana, ta haɗa tunkuɗe maraya da rashin kwaɗaitarwa ga ciyar da miskini da rafkana ga salla a wuri guda. Muslim kuma ya ruwaito hadisin matsiyacin wannan al'umma: mutumin da zai zo da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya doki wani, sai a yi ta ɗiban ladansa ana biyan masu haƙƙi, idan ya ƙare a ɗebo zunubansu a jibga masa. Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

Mu da ke zaman baƙunci ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan. Mun san ɗacin a riƙe wa mutum takardarsa, mun san yadda ake kallon wanda harshensa ya bambanta. Amma kowa ya duba benensa ya ga wa ke ƙasa. A kasuwannin Accra akwai 'yan matan arewa masu dako, waɗanda ake kira kayayei, suna ɗaukar mana kaya a ka cikin rana, mu kuma muna ja-in-ja da su a kan 'yan kwabbai. Akwai yaron shago da ya shekara biyar yana hidima bisa alkawarin za a sallame shi da jari, maigida yana ta ɗaga rana. Akwai 'yan uwa mata da dillalai daga cikinmu suke kai wa aikatau ƙasashen Larabawa da alkawarin da ba gaskiya ba. Akwai wanda ya kawo ƙanwar matarsa Ingila ko Amurka da sunan karatu, ta ƙare a raino da wanke-wanke, fasfonta yana cikin akwatinsa. Da yawa daga masu yin haka suna sahun gaba, suna ba da gudummawar ginin masallaci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaya wa Abu Zarri cewa masu yi mana hidima 'yan uwanmu ne da Allah ya sanya a ƙarƙashin hannunmu, mu ciyar da su daga abin da muke ci, mu tufatar da su daga abin da muke sawa, kada mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in mun ɗora kuwa mu taimaka musu.

Amsar da na ba 'yata a ƙarshe ita ce, "Suna ji, 'yata, sai dai sun saba." Sabo shi ne abin tsoro. Ba wanda yake kwana ɗaya ya zama azzalumi; yau ka ɗaga biya, gobe ka sake ɗagawa, jibi ka daina jin nauyi.

Da yamma muka ƙarasa Elmina, tafiyar 'yan mintoci yamma da Cape Coast, inda mutanen Fotugal suka gina sansaninsu a 1482, Holan ta ƙwace a 1637, Ingila ta karɓa a 1872. Masu iko uku sun gaji juna a gida ɗaya, yau babu ko ɗayansu, sai masu yawon buɗe ido da jiragen masunta cike da bakin kogin Benya. Wannan ne ma'anar umarnin da ya maimaitu a Alƙur'ani, na a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. A kan gadar garin na tsaya na tura wa yarinyar kuɗinta na wata biyu ta waya, na kira ta na nemi ta yafe mini. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Baba, ba komai." Na san akwai komai, kunya da ladabi ne suka sa ta faɗi haka. Da muka dawo gida muka kwashe littattafaina daga ɗakin bene, ta koma can tare da 'yata, muka kuma sa ta a makarantar Islamiyya ta yamma. Ban faɗi wannan don a yaba mini ba, domin wanda ya biya bashi bayan ya jinkirta ba gwaninta ya yi ba. Na faɗa ne don kada wani ya ce gyaran yana da wuya.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya yi abu uku kafin Juma'a mai zuwa. Ya rubuta sunayen duk waɗanda ke ƙarƙashin hannunsa, a gida da shago da wurin aiki. Ya biya abin da ake bin sa, in bai da hali ya faɗa wa mai haƙƙi gaskiya, su sa rana. Ya je da ƙafarsa ya ga inda mai yi masa hidima yake kwana da abin da yake ci. Wanda kuma Allah ya hore masa, ya ɗauki iyalinsa su bi wannan hanya ta bakin teku, su yi alwala da ruwansa, su ci kifinsa, su shiga waɗannan gidaje, ya kuma saurari tambayoyin 'ya'yansa da kyau.

Ya Allah, ka jiƙan waɗanda aka zalunta, ka tsare mu daga cin haƙƙin bayinka, ka sa sallarmu ta zama mai hana mu ɓarna. Ya Allah, kada ka ɗauki ranmu da nauyin wani a wuyanmu. Ka shiryi zuriyarmu a ƙasashen da muke baƙunci, ka haɗa mu da iyayenmu a gidan aminci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.