Tsakanin Kwalliya da Amana: Darasi daga Jitar Bas

A kowace ƙungiyar kiɗa akwai wanda aikinsa shi ne ya zauna a ƙasa ya ɗauki nauyin sauran. A kiɗan zamani wannan aiki ya faɗa wa jita mai kaurin murya, wadda makaɗa ke kira bas. Igiyarta mafi kauri tana girgiza wajen sau 41 a daƙiƙa ɗaya, sautin da ƙirji ke riga kunne ji. Tambayar da ke gaban mai kaɗa ta tsohuwa ce, ta kuma wuce fagen kiɗa: har ina ne mai riƙe da amanar jama'a zai iya yi wa kansa kwalliya ba tare da ya saki amanar ba?

Babu inda wannan tambaya ta fito fili kamar a wani salon kiɗa da ya ɓulla a Ingila a ƙarshen shekarun 1980. Ƴan jarida sun raɗa masa suna shoegaze, wato kallon takalmi, domin makaɗansa kan tsaya kai a sunkuye suna duban ƙananan akwatunan da ke jere a gaban ƙafafunsu. Kowane akwati yana da feda irin ta keke, in aka taka sai muryar jita ta sauya: wani ya sa ta gurnani, wani ya ba ta amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya, wani ya maimaita abin da aka kaɗa. Ƙungiyar Ride ta birnin Okusfod ta fitar da faifan Nowhere a 1990, My Bloody Valentine ta fitar da Loveless a 1991, Slowdive kuma Souvlaki a 1993. A cikinsu duka jitocin sama kan narke su koma kamar hazon hunturu, har muryar mawaƙi ta dushe a ciki.

A cikin irin wannan hazo mai bas yana da hanya biyu. Yana iya taka fedar gurnani shi ma, irin su Big Muff, domin ya shiga sahun masu burgewa. Amma na'urar tana aiki ne ta hanyar datse kan sautin, ta haifar masa da ƙananan sautuka masu kaifi a sama, kuma sau da yawa kaurin da ke ƙasa yakan ragu. Amsa-kuwwa ma, in ta yi yawa a kan murya mai kauri, sai ta dame ta kamar kunu, a kasa gane inda bugu ya fara da inda ya ƙare. Ranar da mai bas ya biye wa sha'awarsa har ƙarshe, kowa a ƙungiyar ya zama ado, babu azarar da ke riƙe da rufin.

Daga nan mai gaggawa zai yanke hukunci cewa nagarta tana ga tsabta: mai bas ya bar muryarsa yadda take, ya haƙura da ɓoyuwa. Kunnen Bahaushe bai yarda da wannan hukunci ba. A ƙasar Dungas da Magarya, kamar sauran ƙasar Damagaram, gangar da ake kaɗa wa sarakuna da manoma tana da tsirkiya a shimfiɗe bisa fatarta, an sa ta da gangan domin ta yi zuza a kowane bugu. Masu garaya kan maƙala ɗan ƙarfe mai zobba a ƙarshen sandar, ya riƙa kacau-kacau tare da tsirkiya. Kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, irin kayan kiɗan nan ne da ake yi da gwangwanin kifi da fatar akuya. Babu makaɗin da ya ɗauki wannan ƙara a matsayin dauɗa. A filin kasuwa ko dandalin biki, ita ce ke kai sautin nesa, ta ratsa hayaniya ta iske wanda ke can bayan taro.

Ilimin sauti ya goyi bayan tsofaffin makaɗa. Yawancin masu sauraro a karkara suna jin kiɗa ne ta salula ko ƙaramin rediyo, kuma ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da sauti mai kaurin bas. In muryar bas tsabtatacciya ce ƙal, ɓacewa take yi ɗungum a cikin irin wannan na'ura. In kuwa an ɗan sa mata gurnani, ƙananan sautukan da ke samanta suna fitowa, kunne kuma ya gano asalin daga gare su, kamar yadda ake gane uba ta fuskar ƴaƴansa. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne a Nijar, inda waƙoƙin Mdou Moctar suka fara yaɗuwa daga salula zuwa salula kafin duniya ta san shi, kuma faifansa Afrique Victime na 2021 ya nuna yadda jita mai ruri ke buƙatar bas da ganga masu tsayawa daram a ƙarƙashinta.

Ashe kuskuren iri biyu ne. Akwai mai kwalliyar da ya manta kaya, akwai kuma mai tawali'un da ya ƙanƙantar da kansa har amfaninsa ya kasa isa ga mutane. Na biyun ya fi wuyar ganewa, domin kamarsa ta kirki ce. Malamin da ke da ilimi amma ya ƙi gyara harshensa yadda yara za su fahimta, da dattijon da ya san gaskiya amma ya faɗe ta can ƙasa-ƙasa don kada a ce ya cika baki, duka sun tsare tsabtarsu sun bar jama'a hannu wofi. Kunya ado ce a al'adar Hausa, amma kunyar da ta hana amana isa ga mai ita ta zama wani nau'i na son kai.

Masu ƙera na'urori sun sami mafita mai kama da hukuncin dattawa. A yawancin akwatunan da aka yi musamman domin bas akwai maɓallin gauraya: sautin yakan rabu biyu, kashi ɗaya ya wuce yadda yake da kaurinsa, ɗayan ya bi ta cikin gurnani, sannan a haɗe su. Mai kaɗawa ne ke auna rabon, kuma ba ya iya auna shi daidai in yana zaune shi kaɗai a ɗaki. Muryar da ta yi masa daɗi a kaɗaice takan zama cikas in sauran makaɗa suka shigo. Dole ya saurari mai ganga, ya saurari jitocin sama, ya tambayi kansa wane gurbi ne ya rage babu kowa.

Wannan shi ne ma'aunin. Daddawa ba a ganinta a miya, amma ranar da aka manta da ita kowa zai sani, ranar da ta yi yawa kuma ba mai iya ci. Kwalliyar mai ɗaukar nauyi halal ce gare shi muddin tana taimakon nauyin ya isa inda za a kai shi. Malam Maman Barka, ɗan jihar Damagaram da ya rasu a 2018, malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi, daga baya ya koyi kaɗa biram na masuntan tafkin Cadi domin kada ya ɓace. Abin da ake tunawa da shi a kansa shi ne ya riƙe abin da aka damƙa masa, ya kuma kaɗa shi da ƙarfin da ya isa a ji.