GIDAN DA AKA SAYA AKA KULLE

Ya ƴan uwa, ga wata tambaya da ta kamata mu tsaya a kanta: shin duk abin da ya halatta mutum ya saya, ya kuɓuta daga hisabi a kansa?

Mu ɗauki misalin Marbeya, gari a bakin Tekun Bahar Rum, a kudancin Sipaniya, ƙasar Andalus ta dā. Yana hannun Musulmi har shekarar 1485. Daga baya ya zama ƙaramin gari na masunta da manoma, kafin attajiran Turai su fara zuwa hutu a wajejen 1954. Sarki Fahad na Saudiyya ya gina fada a can, kuma an buɗe masallaci a 1981. Kuɗi suka kwararo, filaye suka yi tsada, son zuciya ya biyo baya, har gwamnatin ƙasar ta rushe majalisar garin a 2006 saboda cin hanci a kan takardun izinin gini. Tun 2013 baƙon da ya sayi gida na Yuro 500,000, wato kimanin miliyan 328 na sefa, yakan sami takardar zama, sai a 2025 aka soke wannan tsari domin matsalar muhalli ta tsananta.

To, hutawa ba laifi ba ce, kallon teku ma hanya ce ta tunani a kan halittar Ubangiji. Ciniki kuwa halal ne muddin dukiyar mai tsarki ce. Amma gida ba kamar zinariya yake ba da za a ɓoye a akwati. Wanda ya sayi gida ya zauna makonni kaɗan, ya kulle shi sauran shekara yana jiran ya ƙara daraja, ya taimaka wajen ɗaga haya a kan mai dafa masa abinci da mai share masa ɗaki, har su koma nesa da garin da aka haife su. Waɗannan maƙwabtansa ne, ko da bai san sunansu ba, ko da ba addininsu ɗaya ba.

Malamanmu na Malikiyya sun bambanta: gidan zama babu zakka a kansa, amma wanda aka saya da niyyar kasuwanci ana jiran kasuwa, za a fitar masa da zakkar shekara guda ranar da aka sayar. Ashe shari'a niyya take dubawa, ba takardar notaire kaɗai ba.

Saboda haka mai hali ya tambayi kansa tun kafin ya biya: zama zan yi, ko haya zan bayar da sauƙi, ko kuwa kullewa zan yi wani ya rasa wurin kwana? Allah Ya sa dukiyarmu ta zama hujja gare mu, kada ta zama hujja a kanmu. Amin.