Hannun Wa Za Mu Damƙa Yaron da Ke Son Kiɗa?

A unguwarmu a Tsafe akwai wani yaro ɗan shekara 14 da ba ya wuce galan ko bokiti bai ɗan buga shi ba. In aka aike shi ɗebo ruwa, tun daga nesa ake jin dawowarsa. Mahaifinsa manomi ne, kakansa ma haka, babu makaɗi ko ɗaya a zuriyarsu. An yi faɗa, an yi lallashi, abin bai bar yaron ba. Daga ƙarshe uban ya sallama, ya zo majalisarmu bayan sallar isha'i da tambaya guda: tunda yaron nan sai ya koya, wurin wa zan kai shi?

Mutum biyu aka ambata. Na farko matashi ne mai situdiyo a Gusau, gwanin fiyano da haɗa kiɗa a kwamfuta, waƙoƙinsa suna cikin wayoyin samari. Sai dai an shaide shi da cewa duk wanda ya biya shi zai yaba, duk wanda aka nuna masa kuma zai zaga. Na biyu tsohon makaɗin kalangu ne a wajen Bunguɗu, dattijo mai mutunci, amma hannunsa ya fara sanyi, kuma irin kiɗansa ba shi yaron ke mafarki ba. Nan take majalisa ta rabu biyu, kowa na da hujja.

Mun san malamai sun yi saɓani a kan kiɗa, kuma a jihar da aka ƙaddamar da shari'a a 1999 wannan ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya riƙi fatawar hani ya huta da tambayarmu. Maganarmu a nan da uban da ya riga ya yarda ɗansa ya koya, da kuma babban da yake nema wa kansa malami.

Abin lura na farko shi ne tambayar kanta sabuwa ce. A da, kiɗa gado ne a mafi yawan gidajen da ake yin sa, yaro yakan buɗe ido ne ya tarar da malaminsa a tsakar gida. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya yi wa 'Yandoton Tsafe Aliyu waƙar da har yau ake saurare, a hannun mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya tashi, sannan ya bi yayansa Abdu Kurna yana yi masa amshi kafin ya tsaya da ƙafarsa. Da ya rasu a 1991, 'ya'yansa suka ci gaba da ɗaukar kotso. Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo, wanda ake wa laƙabi da Malamin Waƙa, shi ma a gida ya gaji sana'ar. Salihu Jankiɗi, haifaffen Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, wanda ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar III ya kuma rasu a 1973, ɗan gidan kiɗa ne. Duk mai son ƙarin bayani a kan irin waɗannan gidaje zai same shi a littafin Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau mai suna Makaɗa da Mawaƙan Hausa.

Me yaro yake koya a waɗannan shekaru na bin uban kiɗa? Yana koyon ɗaure fata da ja mata tsarkiya, da riƙe gindin waƙa ba tare da ya kauce ba, da sanin inda zai karɓa in jagora ya aje ɗan waƙa. Amma yana kuma ganin yadda ake durƙusawa a fada, da yadda ake raba kyauta in an dawo gida, da wanda ake yi wa zambo da wanda ake kau da kai a kansa, da ranar da ake aje ganga a yi shiru saboda an yi rashi. Babu wanda yake zaunar da shi ya karanta masa waɗannan. Yana kwasarsu ne a hanya, kamar yadda mai zama da maɗaukin kanwa yake samun farin kai.

Yau gado ya yi rauni, zaɓi ya dawo hannun iyaye, kuma duk wanda aka ba zaɓi an ɗora masa alhaki. Shi ya sa ba mu yarda da abokinmu na majalisa ba da ya ce ai koyon kiɗa kamar koyon gyaran babur ne, a kai yaro wurin wanda ya fi iyawa, tarbiyya kuma aikin gida ce. Hujjarsa tana da ƙarfi ta wani gefe, domin ba ma tambayar bakanike yawan nafilarsa kafin mu ba shi mashin. Amma babur ba ya magana. Kiɗan Hausa kuwa, tun daga na fada har na noma da na dambe, da magana yake tafiya, kuma mafi yawan maganar yabo ce ko zambo. Wanda ya koya wa yaro kiɗa yana koya masa wanda ya cancanci a ɗaga sunansa a bainar jama'a, da kuma farashin da ake sayar da wannan ɗagawar.

Mu a Zamfara bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Tun da can akwai makaɗan da suka yi suna da wasa ɓarayi, irin su Kassu Zurmi, kuma babu mai musun fasaharsu. A wannan zamani da hanyar Gusau zuwa Funtuwa, wadda ta ratsa Tsafe, ta zama abin fargaba, mun ji waƙoƙin kambama jagororin 'yan bindiga suna yawo daga waya zuwa waya. Wani ne ya buga kiɗan, wani ya yi amshi, wani ya tace muryar. Kowannensu akwai inda ya koyi aikinsa, kuma akwai ranar da ya fara ganin ubangidansa ya karɓi irin wannan kuɗi bai ji komai ba. Haka abin yake a lokacin siyasa, inda ake hayar murya ta ci mutuncin iyayen mutane. Yaron da ya shekara uku yana ganin haka, da wuya ya ɗauke shi aibi.

To, sai mu ce a kai shi wurin dattijon kawai, magana ta ƙare? Nan ma da saura. Wani a cikinmu ya ce kirki ba ya gyara kiɗan da ya karkace, kuma gaskiya ya faɗa. In muka kai yaro mai baiwa wurin wanda ba zai iya ciyar da shi gaba ba, don kawai hankalinmu ya kwanta, mun tauye masa haƙƙi. Iya aiki shi ma amana ne. Malamin da yake karɓar yaro alhali ya san abin da ke hannunsa ya ƙare, bai kuma faɗa ba, akwai giɓi a kirkin nasa. Kuma yaron da aka tilasta wa malamin da ya raina, zai je ne da rana, da dare ya saci jiki zuwa inda zuciyarsa take.

A makarantun zaure ana karanta Ta'alimul Muta'allim na Zarnuji, kuma akwai babi a cikinsa a kan zaɓen malami. Ya ba da shawarar a nemi wanda ya fi sani, ya fi tsentseni, ya fi shekaru, a kuma ɗauki lokaci ana shawara, ko da wata biyu ne, don kada ɗalibi ya fara sannan ya janye. A kan ilimin addini yake magana, amma hikimar ta shafi kowace sana'a. Bai ce a zaɓi ɗaya tsakanin sani da tsentseni ba, kuma bai ce a yi gaggawa ba. Mu kuwa mukan kwana bakwai muna binciken wanda zai auri 'yarmu, amma mu miƙa ɗanmu ga mai situdiyo saboda waƙa ɗaya da muka ji a waya.

Da wata biyun nan a hannunmu, me za mu duba? Mu fara da yaran malamin, domin su ne amfanin gonarsa. Ina waɗanda suka bar hannunsa shekara biyar da suka wuce? Sun iya aikin? Suna dawowa gaishe shi, ko suna sauya hanya in sun hango shi? Mu tambayi yadda yake raba kuɗi bayan biki, domin a nan ake gane wanda ya ɗauki yara almajirai da wanda ya ɗauke su 'yan ɗaukar kaya. Mu saurari abin da bakinsa yake faɗa a kan wanda ya hana shi kyauta. Mu bincika ko ya taɓa mayar da kuɗin wani ya ce wannan waƙar ba da shi ba. Mu je wurin da kanmu ba tare da sanarwa ba, mu ga ƙarfe nawa ake tashi, me ake sha, su wa ke shiga. In 'ya mace ce za mu kai, wannan binciken ya ninka, kuma a san wanda zai riƙa raka ta. Sannan mu sa malamin ya saurari yaron a gabanmu. Wanda ya iya koyarwa zai nuna kuskure ɗaya takamaimai da yadda za a gyara shi. Mai neman kuɗin wata kuwa yabo kawai zai yi ta zubawa.

In bayan duk wannan aka rasa mai haɗa biyun, sai dole a fifita ɗaya, ra'ayinmu shi ne shekarun ɗalibi su yanke hukunci. Babba mai iyali da ya je koyon fiyano zai iya ɗaukar fasahar gwani ya bar masa halinsa, domin nasa halin ya riga ya kafu. Ɗan shekara 14 ba shi da wannan rariyar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma duk wanda ya riƙe shi a lokacin shi ne mai tanƙwarawar, ko ya yi niyya ko bai yi ba. Fasahar da yaro ya rasa bana zai iya cim mata baɗi. Kunyar da ta fita daga idonsa tana da wuyar dawowa.

Uban yaron bai yanke shawara a daren ba. Ya je Gusau sau biyu ya zauna a situdiyon, ya kuma wuce Bunguɗu, inda ƙanwarsa take aure. A gidan dattijon ya tarar da wasu magidanta biyu, tsofaffin yaransa, sun kawo masa dawa. Dattijon ya miƙa wa yaron kalangu, ya saurara, ya ce hannun dama ya fi na hagu gaggawa. Ya kuma gaya wa uban cewa abin da zai iya bayarwa ba zai wuce na shekara biyu ba, bayan nan a nemi wanda ya san kayan zamani. Yanzu duk hutun makaranta yaron yana wurin gwaggonsa. Har yanzu yana ƙorafin cewa kalangu ba fiyano ba ne, uban kuma ya fara tambayar mutane a Gusau, a hankali, wa zai karɓe shi in shekara biyun sun cika.